Salmonella a gonakin aladu: Darasin da Danmak ta koya, da abin da ya shafi Najeriya

A shekarar 1993, fiye da mutum 500 suka kwanta rashin lafiya a birnin Kofanhagen da kewayensa, suna fama da gudawa da amai da zazzaɓi. Da masu bincike suka bi sawun cutar, sai ya kai su ga naman alade da ya fito daga wata mayanka. Ƙwayar salmonella ce ta haddasa ɓarnar, kuma ga ƙasa irin Danmak, wadda aladunta suka kusa ninka mutanenta, wannan barazana ce ga lafiyar jama'a da kuma kasuwar da take sayar wa duniya nama.

Alaƙar wannan ƙwayar cuta da alade daɗaɗɗiya ce. A jikin aladu masani Theobald Smith ya gano ta a Amurka a 1885, aka kuma raɗa mata sunan shugabansa, likitan dabbobi Daniel Salmon. A yau an san ire-irenta fiye da 2,500. Wadda ke jawo taifod a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, amma mafi yawan sauran suna zaune a hanjin kaji da shanu da aladu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya salmonella cikin manyan abubuwa huɗu da ke haddasa gudawa a duniya. Alamominta kan bayyana cikin awa 6 zuwa 72, kuma takan yi kisa a tsakanin jarirai da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki.

Abin da ya sa yaƙi da ita ke da wuya shi ne, yawancin aladun da ke ɗauke da ita ba sa nuna alamar ciwo. Suna cin abinci, suna ƙiba, amma suna fitar da ita a cikin kashinsu. Wahalar tafiya a mota da cunkoso a bakin mayanka na ƙara yawan abin da suke fitarwa. Manomi ba ya ganin asara a garkensa, don haka babu abin da zai tilasta masa kashe kuɗi a kan cutar da wani ne can nesa zai kwanta saboda ita.

Nan ne Danmak ta nemi bakin zaren. Daga 1995 ta fara gwajin garkuna a faɗin ƙasar ta hanya mai sauƙin kuɗi: a yanki ɗan nama a mayanka, a daskarar da shi, a narkar, sannan a auna ruwan da ya fita don ganin ko dabbar ta taɓa haɗuwa da cutar. Da wannan sakamako aka riƙa raba garkuna mataki uku a kowane wata. Wanda ya faɗa mataki na biyu ko na uku sai a zaftare masa wani kaso na kuɗin dabbobinsa, aladun mataki na uku kuma a yanka su daban, ƙarƙashin tsauraran matakan tsafta. Da tsafta ta fara taɓa aljihu, sai manoma suka mayar da hankali kanta.

Matakan da ake buƙata a gona ba su da sarƙaƙiya. Na farko shi ne tsare ƙofa, domin mafi yawan lokaci sabuwar dabbar da aka sayo ce ke shigo da cutar. Ana so manomi ya taƙaita wuraren da yake saye, ya killace baƙuwar dabba na wasu makonni kafin ya haɗa ta da garke. Ma'aikaci da baƙo su canja takalmi da tufafi a bakin shiga, motar dillali kuma ta tsaya a wajen shinge.

Na biyu shi ne shigar da aladu sa'o'in juna ɗaki a tare, a kuma fitar da su a tare, ba tare da cakuɗa manya da ƙanana ba. Idan ɗakin ya zama fayau, a kankare kashi, a wanke da sabulu, a fesa magani, sannan a bar shi ya bushe sarai. Fesa magani a kan ƙazanta aikin banza ne, domin ƙazantar na kashe ƙarfinsa, ita kuwa ƙwayar tana iya yin watanni a raye cikin kashi da ƙura.

Na uku shi ne abinci da ruwa. Ɓeraye da tsuntsaye da ƙudaje na kai cutar daga ɗaki zuwa ɗaki, shi ya sa rufe ma'ajiyar dusa ke da muhimmanci. Bincike a Danmak ya kuma nuna cewa abincin da aka ɓarza bai yi laushi ba, da wanda aka jiƙa ya yi tsami, suna ƙara tsamin cikin alade, abin da ke hana ƙwayar yaɗuwa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba sa raba dabba da ita, sai ma su haifar da nau'in da ba ya jin magani idan ya kama mutum.

Najeriya na cikin ƙasashen Afirka mafi yawan aladu. Akwai babbar kasuwarsu a Katsit kusa da Kafanchan, da ɗimbin masu kiwo a Binuwai da Filato, da rukunin gonakin Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun. A 2020 zazzaɓin aladu na Afirka ya yi wa Oke-Aro mummunar ɓarna, inda ya bi ɗakunan da ke manne da juna, da takalman ma'aikata da motocin dillalai. Wancan zazzaɓin yana kashe alade amma ba ya kama mutum, shi ya sa kowa ya ga asarar. Hanyoyin da ya bi su ne dai salmonella ke bi a ɓoye.

Lamarin ya shafi har wanda bai taɓa kusantar naman alade ba. Ruwan sama na kwashe kashin dabbobi zuwa rafuka da rijiyoyi, kuma ɗanyen taki kan isa lambunan latas da kabeji da ake ci ba tare da dafawa ba.

Ƙasar na da cibiyoyin da za su iya aikin: Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro a 2024. Sai dai kula da mayanku da kasuwanni na hannun jihohi da ƙananan hukumomi, kuma yawancin masu kiwon ƙananan manoma ne. Tsarin Danmak ya yi aiki ne saboda ana iya danganta kowace dabbar da aka yanka da gonar da ta fito. Rajistar gonaki da gwaji a mayanka su ne matakin farko da duk wani shiri na tarayya zai buƙata.