Sukarin da ya kwanta a gindin kofi

Duk wanda ya saba zama wurin mai shayi a Maiduguri ya san abin da ke faruwa idan aka loda sukari a ɗan ƙaramin kofi. Muddin shayin na da zafi, ba ka ganin komai. Bari ya huce, sai ka tarar da ɓarɓashi ya kwanta a gindi, har cokali na ƙara idan ya goge shi. Kusan haka ciwon gawut, ɗaya daga cikin dangin amosanin gaɓɓai, yake kama mutum.

Jiki na samar da wani sinadari mai suna yurik asid daga ƙwayoyinsa da suka tsufa da kuma abincin da aka ci. Jini ne ke ɗauke da shi a narke, ƙoda ta fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari. Idan ya haura miligiram 6.8 a kowace desilita, jinin ba ya iya riƙe shi duka, sai ya fara daskarewa a cikin gaɓa, siriri mai tsini. Ya fi son inda ya fi sanyi, shi ya sa yakan fara da babban yatsan ƙafa, kuma yakan taso da tsakar dare bayan jiki ya huce. Mutum ya kwanta lafiya lau, kafin kiran assalatu yatsa ya kumbura yana sheƙi, ko mayafi ne ya taɓa shi sai salati. Da safe masu dubiya su ce, "Sannu Alhaji, anya ba wani abu ka taka ba?" Bai taka komai ba. Tun 1848 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya nuna cewa sinadarin nan ne ke yawa a jinin masu ciwon.

Garinmu kuwa ya haɗa duk abin da ke taimaka masa. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, gumi na kwashe ruwan jiki, kofin ya ƙara ƙanƙancewa ke nan. Ga hanta da ƙoda da kayan ciki a wurin mai tsire, ga naman Babbar Sallah safe da yamma, ga lemon kwalba mai sanyi a bi da shi. Giya ma haka. Sai dai a nan ake yi wa mai ciwon rashin adalci, a ce ciwon masu cin daɗi ne. A mafi yawan mutane ƙoda ce ba ta fitarwa yadda ya kamata, ko don gado, ko hawan jini, ko ƙiba, ko ita kanta ta samu matsala. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da pyrazinamide na tarin fuka, suna ɗaga shi. Direban Keke Napep da bai ga nama ba tun Sallah zai iya kwanciya da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jinyar. A aika yaro kemis ya sayo diclofenac, zafi ya lafa, a ce an warke. Alhali ko ba a sha komai ba, ciwon kan sauka da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ɓarɓashin kuwa yana nan inda yake, yana ƙaruwa. Shekaru na tafiya ya bi gwiwa da idon sawu, ya fito da ƙulli a gwiwar hannu ko gefen kunne, wani sa'in ya zama tsakuwa a ƙoda. A Borno, inda ciwon ƙoda ya riga ya addabi jama'a, ɗirkar irin wannan magani ba da sanin likita ba ganganci ne.

Maganin kashe zafi daban, na narkarwa daban. Na biyun shi ne allopurinol: ana fara shi kaɗan, likita na ƙarawa yana auna jini har sinadarin ya sauka ƙasa da 6, kuma kullum ake sha ko da ƙafa lafiya take. A watannin farko ciwon kan taso saboda tsohon ɓarɓashi ya fara motsi, a nan ne da yawa ke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba. Don haka ne likitoci kan haɗa shi da ɗan colchicine. Ƙuraje a fata kuwa ba a jira da su, a dakata a koma asibiti nan take.

Ana yin gwajin yurik asid a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Wani lokaci yakan nuna sinadarin bai hau ba a tsakiyar ciwo, don haka a maimaita bayan makonni biyu zuwa huɗu. Idan kuwa kumburin ya zo da zazzaɓi, a je a ranar, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa ma haka take farawa.