Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Koyon Tsoro, da Yadda Take Shawo Kansa

Tsoro abu ne da ƙwaƙwalwa ke koyo. A can cikinta akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda ke haɗa abin da aka gani ko aka ji da haɗarin da ya biyo baya. Shi ya sa wanda 'yan bindiga suka taɓa afka wa ƙauyensu a kan babura, da ya ji ƙarar babur sai gabansa ya faɗi, ko da an shekara da faruwar abin.

A nan ne jama'a ke tafka kuskure. Sai a ce masa, "Ka manta kawai, ai ya wuce." Idan firgitar ta dawo, a ce ba shi da tawakkali, ko a ce aljanu ne. Wannan zalunci ne, domin ƙwaƙwalwa ba ta goge irin wannan darasi. Abin da take yi shi ne koyon sabon darasi a kan tsohon: cewa yanzu ƙarar babur ba ta nufin mutuwa. Sashen da ke bayan goshi ne ke riƙe wannan sabon darasi, yana ja wa amigdala linzami. A shekarar 2002 Mohammed Milad da Gregory Quirk sun nuna cewa ƙwayoyin wannan sashe a cikin ɓeraye suna motsawa ne lokacin da ɓera ya tuna cewa ƙarar da ya saba tsoro ta daina cutarwa. Tun kafin su, Ivan Pavlov na Rasha ya lura cewa halin da ya ɗauka ya gushe daga karnukansa yakan dawo da kansa bayan an ɗan huta. Mark Bouton na Jami'ar Vermont a Amurka ya ƙara da cewa sabon darasin yana ɗaure da wurin da aka koye shi. Mutum zai iya samun natsuwa a gari, ya koma ƙauyensu tsoron ya sake tasowa. Wannan ba raunin imani ba ne, haka halittar take.

Doguwar damuwa tana dagula lamarin, saboda sinadarin kotisol da jiki ke yawan fitarwa. A ɗakin binciken Bruce McEwen a Jami'ar Rockefeller, ɓerayen da aka takura wa na kwana 21 sun nuna tsukewar rassan jijiyoyi a hifokamfus, sashen da ke kula da tunawa. Sumantra Chattarji a Bangalore ta Indiya ya gano akasin haka a amigdala: rassanta ƙaruwa suke yi. Ke nan mai tsoratarwa na ƙara ƙarfi, mai kula da tunawa na raunana. Daga nan mantuwa da rashin tattara hankali ke fitowa.

Amma ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. A 2009 Conor Liston da abokan aikinsa sun gwada ɗaliban likitanci masu shirin babbar jarrabawa, suka ga hankalinsu ya yi nauyi wajen sauyawa daga wani aiki zuwa wani. Bayan wata guda da gushewar matsin, sun dawo daidai da waɗanda ba su shiga matsin ba. Amigdala ce mai taurin kai, takan daɗe ba ta koma yadda take ba.

Saboda haka killace mutum daga duk abin da ke tuna masa masifar ba taimako ba ne, domin an hana ƙwaƙwalwarsa damar koyon sabon darasin. Tilasta masa fuskantar abin da ƙarfin tsiya ma ƙara ɓarna ne. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke yi shi ne kusanto da shi sannu a hankali, cikin aminci, a maimaita sau da yawa, a wurare daban-daban. Isasshen barci yana taimaka wa sabon darasin ya zauna, motsa jiki ma haka. Sayen ƙwayar barci irin su diazepam a kemis ba tare da izinin likita ba yana iya hana wannan koyo, ga kuma jaraba. Dangi su saurare shi idan yana son magana, su daina yi masa gori. Idan mugun mafarki da firgita sun haura wata guda suna hana shi harkokinsa, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.