Abin da ya kamata ku sani: gwajin jini bayan an cire kansar tayirod

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai suna tayirod, wadda idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Yawancin maƙoƙo ba kansa ba ne, amma akwai wanda yake kansa, kuma mata sun fi maza kamuwa da ita kusan ninki 3. Tana cikin kansar da aka fi samun nasarar magancewa. Sai dai takan dawo, wani lokaci bayan shekara 10 ko 20, galibi a kaluluwar wuya. Shi ya sa sallama daga asibiti ba ta raba mutum da ɗakin gwaji.

Gwajin da likitoci suka fi dogara da shi sunansa tayiroglobulin, a takarda za ku ga an rubuta Tg. Wani sinadari ne da babu mai yin sa a jiki sai ƙwayoyin tayirod, masu lafiya da masu kansa. To idan an cire tsokar gaba ɗaya, aka kuma ƙone ragowarta da maganin aidin na musamman, ya kamata sinadarin ya ɓace daga jini. Idan ya sake bayyana, kamar a rufe masana'anta ne, sai kuma a riƙa ganin sabbin kayanta a kasuwa: lallai akwai inda ake ci gaba da aiki a ɓoye. Ƙa'idojin Ƙungiyar Likitocin Tayirod ta Amurka na 2015 sun ce idan Tg ya sauka ƙasa da 0.2 a ma'aunin ng/mL, hoton wuya kuma bai nuna komai ba, magani ya yi aiki sosai. Likita ba ya yanke hukunci da sakamako ɗaya. Abin da yake bi shi ne ko lambar tana hawa daga gwaji zuwa gwaji.

Amma gwajin yana da rauni babba. Kusan mutum 1 cikin 4 na masu wannan cuta, garkuwar jikinsu tana ƙera sinadaran da ke kama Tg, sai na'ura ta nuna lamba ƙasa da gaskiya. Mutum ya koma gida da murna alhali cutar tana nan. Don haka dole a auna waɗannan sinadaran garkuwa, TgAb, tare da Tg a kowane lokaci. In kun duba takardarku kuka ga Tg kaɗai, ku tambayi likita. Haka kuma wanda aka cire wa rabin tsokar kawai, rabin da ya saura zai ci gaba da fitar da Tg, saboda haka a wurinsa hoton sikanin ya fi amfani.

Akwai wani nau'in kansar tayirod da ba shi da yawa, medulari, wanda ba ruwansa da Tg. Shi sinadaran kalsitonin da CEA ake aunawa, a ga cikin wata nawa lambar take ninkawa. Kusan kashi 25 cikin 100 na wannan nau'i gado ne, ta wani sauyi a ƙwayar gado mai suna RET, don haka ake so 'ya'ya da 'yan'uwan mai shi su yi gwaji su ma.

Raunin Tg da aka ambata a sama yana cikin abin da ya sa masana suka shiga neman sawun kansar kanta a cikin jini. Ƙwayoyin kansa idan suka mutu sukan zubar da gutsattsarin DNA, kuma ana iya tace su a nemi sauyin da aka riga aka gani a ƙullutun da aka cire, kamar BRAF V600E, wanda ake samu a kusan rabin masu nau'in fafilari, nau'in da ya fi yawa. Garkuwar jiki ba ta rikita wannan gwaji, kuma yana iya nuna maganin da zai dace: a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da selpercatinib domin masu sauyin RET. Matsalar ita ce kansar tayirod mai tafiyar hawainiya ba ta zubar da DNA da yawa, sai gwaji ya fito babu komai alhali tana nan. Ya fi kama cuta idan ta yi ƙarfi ko ta bazu. Ga tsada kuma. A ganina, duk wanda ya ce muku wannan sabon gwaji ya maye gurbin Tg da hoton wuya, ya yi gaggawa.

Abin da ke hannun mara lafiya ba shi da wuya. Ku riƙa yin gwajin a ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urori sun bambanta, lambar wannan ba ta daidaita da ta wancan. Idan kuna shan biyotin, irin wanda mata ke sha don gashi da farce, ku gaya wa likita, domin yana ɓata sakamako, akan ce a dakatar da shi kwana 2 ko 3 kafin a ɗebi jini. Ku tara takardun sakamako a wuri ɗaya bisa tsarin kwanan wata. Kada ku daina shan ƙwayar levothyroxine, wadda ke maye gurbin aikin tsokar da aka cire, sai da umarnin likita, kuma ko kuna jin garau, ranar da aka ba ku ku koma asibiti, don Allah ku koma.