Da Gaske Ne Jirgin Ruwa Zai Rage Kuɗin Kujerar Hajji?

Duk lokacin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanar da kuɗin kujera, sai tsohuwar maganar nan ta sake tasowa a majalisu daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun: me ya hana a riƙa kai maniyyata ta ruwa? Yanzu har da hoto ake haɗa ta. Za ka ga bidiyon wani farin jirgi mai hawa goma sha wani abu yana yawo a WhatsApp, an ɗora masa murya ana cewa da irinsa za a sauke farali da rabin kuɗi. Ba a ga laifin mai wannan fata ba. Kujerar da aka biya kusan Naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8.4 ga maniyyacin Zamfara a 2025. Manomin da ya yi shekaru yana tara kuɗin shinkafa da na kiwo dole ya nemi inda sauƙi yake.

Jirgin da ke cikin irin wannan bidiyo na yawon shaƙatawa ne. Masu shigarsa ba sauri suke yi ba, zaman cikinsa suka saya. Yakan yi tafiya da dare, gari ya waye ya tsaya a wata tasha mai ɗumi kamar Zanzibar ko Mombasa ko Dakar, fasinja su sauka su zaga kasuwa da bakin teku, kafin magariba a busa musu ƙaho su koma. Ɗaya daga irinsu, Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikatansa kuma sun haura 2,300. Saudiyya ma ta shiga harkar: jirginta Aroya ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024, yana zagaya tashoshin Bahar Maliya da fasinja sama da 3,300. To ganin sunan Jidda a jikin labarin shi ya sa wasu suka ɗauka an buɗe sabuwar hanyar Hajji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne nan: an ji cewa ɗauko kaya ta ruwa ya fi arha nesa ba kusa ba, sai aka ɗauka mutum ma haka yake. Maganar kaya gaskiya ce. Amma a tambayi duk wanda ya taɓa loda shinkafar Bakolori a tirela zuwa Legas. Ko motar ta kwana uku a hanya ko ta kwana goma, buhu ba zai nemi tuwo ba, ba zai nemi ruwan alwala ba, ba zai yi zazzaɓi ba. Motar fasinja kuwa dare ɗaya ta ƙara a hanya, kowa sai ya taɓa aljihunsa. Arhar teku ta abin da ba ya ci ba ya sha ce. Da zarar ka zuba mutum 3,000 a jirgi, ka ɗauki nauyin cinsu sau uku a rana, da makwancinsu, da wanki, da likita, da wutar da za ta sanyaya ɗakuna, har da ruwan sha, wanda daga ruwan gishiri ake tace shi da injin da mai yake sha. Kowace rana a kan teku kuɗi ce, kuma da Dala ake lissafa ta.

Kwana nawa ke nan? Daga Sakkwato, inda alhazan Zamfara suka shekara da shekaru suna tashi, zuwa Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, tafiyar awa biyar ko shida a jirgin sama. Ta ruwa kuwa, sai maniyyaci ya fara yin kusan kilomita 1,000 a mota zuwa Legas, ya ba alƙibla baya. Daga can hanya biyu ce. Ko dai jirgi ya yi yamma ya zagaye Senegal da Maroko, ya shiga mashigin Jibralta, ya ratsa Bahar Rum, ya biya kuɗin wucewa ta Suwes, tafiyar da ta haura kilomita 10,000. Ko kuma ya yi kudu ya zagayo Afirka ta Kudu, ya hauro ta gabashin nahiyar, wadda ta fi waccan tsawo, kuma ta bi ta mashigin Babul Mandab inda 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari tun ƙarshen 2023. Jirgin da ke gudun kilomita 37 a awa, ba tsayawa, zai ci kusan mako biyu a zuwa, mako biyu a dawowa. Tsakanin nan kuma ko ya zauna a Jidda yana jiran alhazai wata guda ana biyan hayarsa, ko ya tafi ya dawo a biya mansa. Ga manomi kuwa, ƙarin wata guda ba ya gida ba ƙaramin abu ba ne, balle idan tafiyar ta faɗo lokacin sharar gona ko girbin noman rani.

Sannan ina jiragen? Kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa Nijeriya a 2025. Da jirgi irin Aroya za a kwashe su, sai an nemo kusan talatin a lokaci guda. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, ya rushe tun 1995. Jirgin fasinja da ya saba zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila, Aureol, ya daina tun 1974. Apapa da Tin Can da Lekki duk tashoshin kaya ne.

Dattawa kan ce ai kakanninmu ta ruwa suka je. Sun shiga ruwa, amma a ƙarshen tafiya. Gabas suka nufa da ƙafa da jakuna, daga baya da manyan motoci, ta Kano da Borno da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, su ratsa Wadai da Darfur su kai El Obeid su hau jirgin ƙasa. Wasu kan shekara biyar ko goma suna aikin auduga a Jazira ta Sudan kafin guzuri ya cika. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Ruwan da suka ƙetare daga Suwakin ko Port Sudan zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne kacal, kwana ɗaya ko biyu. Wannan hanya yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya toshe ta, har jiragen saman alhazanmu sai da suka riƙa kewaye sararin ƙasar. Ƙetaren ma bai taɓa zama wasa ba: a Fabrairun 2006 jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse a Bahar Maliya tsakanin Duba da Safaga, mutum sama da 1,000 suka rasu.

Akwai kuma batun cuta, wanda mu da muka ga abin da sanƙarau ya yi a Zamfara a 2017 bai kamata a yi mana dogon bayani a kansa ba. Jirgin Diamond Princess, mai likitoci da kuɗi, an tsare shi a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020. Cikin mutum 3,711 da ke ciki, sama da 700 suka kamu da korona. Maniyyatanmu da dama tsofaffi ne, da yawa da hawan jini ko ciwon suga.

Ko da an ce an samu jirgin kyauta, kujera ba za ta faɗo rabi ba, domin kuɗin jirgin sama bai kai rabin abin da ake biya ba. Sauran na masauki ne a Makka da Madina, da tantin Mina da Arfa, da abinci, da motocin jigila, da guzurin Dala 500. Duk waɗannan da Riyal da Dala ake biyansu. Abin da ya ninka kujera shi ne Dalar da ake saye wajen Naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

A nan ne nake ganin hukumomi sun gaza. Ana sanar da jimilla ɗaya a Abuja da Turanci, har da kobo a ƙarshenta, amma ba a cika zuwa gidan rediyo a warware wa mutane ita da Hausa ba: nawa ne na jirgi, nawa ne na masauki, nawa ne ladan hukuma. Da an yi haka, da mai bidiyon jirgin ruwa bai samu kasuwa ba, kuma da maniyyata sun san takamaiman wurin da za su matsa a rage. Jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya kamata ya iya manna wannan lissafi a ƙofar ofishinsa.

Kafin a kai ga haka, duk wanda ya zo yana karɓar kuɗin ajiya da sunan kujerar jirgin ruwa, a tambaye shi lasisin NAHCON, a kuma je ofishin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha a Gusau a tabbatar. Mai son tarawa sannu a hankali yana da Asusun Adashin Gata na Hajji da NAHCON ta buɗe tare da bankin Jaiz a 2020, inda ake ba shi shaidar duk abin da ya zuba.