Masu binciken aikin mutum da na'ura

A shekara ta 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka sun shiga damuwa. Jiragensu na sama masu suna B-17 suna sauka lafiya, amma sai ƙafafunsu su naɗe, jirgi ya faɗi da ciki a ƙasa. Manya suka ce laifin matuƙa ne.

Aka kira wani saurayi, Alphonse Chapanis. Shi ba makaniki ba ne. Ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta a jami'a. Ya shiga wurin zaman matuƙi, ya duba da kyau. Sai ya ga maɓallai biyu iri ɗaya, dab da juna. Ɗaya na ƙafafun jirgi ne, ɗaya na ɓangaren fiffike mai rage gudu. Matuƙin da ya gaji yakan taɓa wannan maimakon wancan.

Chapanis ya sa ƴar ƙafar roba a kan maɓallin ƙafafu, ya ba ɗayan wata siffa dabam. Daga nan hannu ya riƙa gane kowane maɓalli ko ba a duba ba. Irin wannan haɗari ya ragu ƙwarai. Ashe laifin na ƙirar jirgin ne.

Bayan yaƙi, Chapanis ya zama malami a jami'ar Johns Hopkins. A 1951, wani masani, Paul Fitts, ya jera ayyukan da mutum ya fi iyawa da waɗanda na'ura ta fi iyawa. Na'ura ta fi ƙarfi da sauri. Mutum ya fi sanin dabara idan sabon abu ya taso.

Yau mutum-mutumi yana aiki tare da mutane a masana'antu da asibitoci. Masu bincike suna tambaya: yaya ma'aikaci zai san inda hannun mutum-mutumi zai nufa? Yaushe zai yarda da shi? In yarda ta yi yawa, zai daina lura. In ta yi kaɗan, aiki ba zai ci gaba ba.

Mai son wannan aiki sai ya yi karatu mai tsawo a jami'a, sau da yawa har digirin dakta. Yana buƙatar lissafi, da haƙuri, da iya lura da mutane.

Tambayoyi
1. Me ya sa matuƙa suke kuskure?
2. Wace dabara Chapanis ya yi?
3. Wane kayan aiki na gidanku ne ke da wuyar riƙewa? Yaya za ku gyara shi?