Rikicin Sunan Nama a Kan Abincin Tsirrai: Inda Ya Shafi Makiyayan Jakusko

JAKUSKO, Jihar Yobe — A kasuwannin Jakusko da Gashuwa da Nguru, awara ta daɗe da samun gindin zama a gefen tsire da balangu, kuma a gidaje da dama takan shiga miya a madadin nama idan aljihu ya yi sanyi. Babu wanda ya taɓa kai ƙarar mai awara gaban Sarkin Pawa, domin mai saye yana ganin abin da ake soyawa da idonsa. A Turai da Amurka da Afirka ta Kudu kuwa, irin wannan abinci ya jawo shari'o'i masu tsawo, kuma duk a kan tambaya ɗaya: shin ya halatta a rubuta sunan nama ko madara a kan kwalin abin da aka yi da wake?

Masu kiwo da mahauta na waɗancan ƙasashe suna ganin cewa suna jari ne. Shekara da shekaru aka yi ana gina amincin da mai saye yake da shi ga kalmar "nama", saboda haka wanda ya ɗauke ta ya liƙa wa waken soya yana cin riba ne da gumin wani. Kamfanonin abincin tsirrai kuma suna cewa sunan yana bayyana siffa da yadda ake dafawa ne kawai, kuma muddin an rubuta cewa da tsirrai aka yi, ba a yaudari kowa ba.

Hukunce-hukuncen sun sha bamban. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta hana kamfanin TofuTown na Jamus kiran kayansa madara ko cuku ko bota. Jihar Missouri ta Amurka ta kafa dokar taƙaita kalmar nama a 2018. A 2022 hukumomin Afirka ta Kudu suka shirya kwashe irin waɗannan kaya daga kantuna, sai wata babbar kotu a Johannesburg ta dakatar da su. Faransa ta fitar da dokar hani sau biyu, a 2022 da 2024, amma a watan Oktoba na 2024 Kotun Tarayyar Turai ta ce ba ta da hurumin yin haka ta hanyar da ta bi. Majalisar Dokokin Turai da kanta ta yi amai ta lashe: ta ƙi amincewa da hanin a 2020, sannan a watan Oktoba na 2025 ta goyi bayansa da ƙuri'a 355 a kan 247.

Harshen Hausa ya warware rabin wannan rigima tun kafin a fara ta, domin yakan haɗa abu da tushensa: man shanu, man gyaɗa, man ja, madarar waken soya. Ita kanta awara sunan aro take amfani da shi. Asalinsa "wara", wato cukun nonon shanu da matan Fulani ke yi a ƙasar Yarabawa, suna daskarar da shi da ruwan tumfafiya. Da sarrafa waken soya ya bazu, bayan yunƙurin da cibiyar IITA ta Ibadan ta yi daga ƙarshen shekarun 1980, sai sabon abin ya gaji tsohon suna. Wani abin dariya ma, waken da ake yin ta da shi jama'a sukan kira shi "waken suya".

Sai dai inda matsalar take ga makiyayin Jakusko ba a kaskon mai awara ba ne, a cikin leda da gwangwani ne, inda ido ba ya gani sai abin da aka rubuta. Misali mafi kusa shi ne garin madarar da ake cire wa kitsensa na asali a maye gurbinsa da man tsirrai, galibi na kwakwar manja. Ana shigo da shi Afirka ta Yamma da yawa, musamman daga Turai, kuma ya fi cikakkiyar madara araha ƙwarai. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta tanadi a kira shi gaurayen madarar da aka cire wa kitse da man tsirrai. Amma da zarar an fasa buhu an ƙulla shi a ƙananan ledoji, ko ya isa teburin mai shayi, sunansa madara kawai. Da wannan farashi ne Bafulatanar da ta ɗauko ƙwaryar nono daga ruga take gogayya, alhali kayan ba ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin makiyaya na Afirka ta Yamma sun fara kamfe a kan haka tun 2018. Hakazalika, man tsirran da ake shafa wa burodi ya daɗe da karɓe sunan bota.

A Nijeriya, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke kula da rubutun jikin kayan abinci. Ƙa'idojinta sun haramta rubutun ƙarya ko mai ruɗarwa, sun kuma wajabta sunan da ke nuna ainihin abin da ke ciki, tare da jerin kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya shafi 'yan kasuwar nama su ma. Kilishi, wanda yanzu ake zubawa a leda mai tambari ana kai shi Legas da Abuja, ba nama zalla ba ne: ana tsoma shi cikin labu na tunkuzar gyaɗa da kayan yaji, kuma labun yana ƙara masa nauyi a sikeli. Duk ɗan kasuwar Nguru ko Gashuwa da ke neman lambar rajista domin shiga manyan kantuna, dole ne ya rubuta gyaɗar a jikin ledarsa, a matsayin da nauyinta ya ba ta.