Abin da ya sa share bayanan fayiloli ke zame wa kwamfuta ƙaiƙayi koma kan masheƙiya

Duk lokacin da mutum ya buɗe hoto a wayarsa ko ya shiga shafin banki, wani sashe na babbar manhaja da ake kira kanel ne ke nemo fayil ɗin da ake buƙata. A wayoyin Android da galibin kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, kanel ɗin Linux ne ke wannan aiki, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991.

Da yake karatu daga faifai yana da jinkiri, kanel kan ajiye bayanan fayilolin da aka taɓa nema a ma'adanar aiki, wato RAM. Bayanan iri biyu ne: katin suna, wanda ke nuna folda da fayil yake ciki, da katin bayani, mai ɗauke da girman fayil, mai shi, da waɗanda aka ba izinin buɗe shi. Matsala kan taso ne idan ma'adana ta cika, kanel ya fara neman abin da zai zubar.

Cikas na farko shi ne yadda ake jera katunan. A na'urori masu bit 64, katin suna yana cin bayit 192, kuma ana shirya kimanin 21 a shafi guda mai bayit 4,096. Shafin ba ya komawa hannun kanel sai dukkan katunan da ke ciki sun tafi. Idan aka share 20 aka bar ɗaya da ake amfani da shi, an yi asarar bayanai ba tare da an samu fili ba.

Na biyu, katin bayani yana riƙe da abin da aka riga aka karanto daga cikin fayil. A da, zubar da ƙaramin kati kan iya jan tarin bayanai ya tafi da su, daga baya a sake karanto su daga faifai, na'ura ta yi nauyi.

Na uku ya shafi katunan "babu". Idan manhaja ta nemi fayil ba a same shi ba, kanel kan rubuta hakan don kada a sake wahalar nema. Amma a kwamfuta mai faɗin ma'adana, irin waɗannan katuna kan taru har miliyoyi, su tsawaita bincike. A 2018 injiniya Waiman Long na kamfanin Red Hat ya gabatar da gyare-gyaren ƙayyade yawansu, sai dai wasu masu kula da Linux suka nuna cewa katunan suna hanzarta ayyuka da dama, kuma ƙayyade su zai cutar da waɗansu.

A 2013, cikin Linux 3.12, an sake fasalin jerin katunan yadda kowane yanki na ma'adana zai yi sharar kansa, aikin da Dave Chinner da Glauber Costa suka jagoranta. Hakan ya rage cunkoso, amma bai warware tambayar wane kati ya kamata ya tafi ba, domin kanel abin da ya wuce kawai ya sani.

Shi ya sa aka bar wa masu kula da kwamfutoci wani ma'auni mai suna vfs_cache_pressure, wanda ke zuwa a kan 100. Ɗaga shi yana sa a riƙa zubar da katunan da sauri. Mayar da shi sifili yana hana zubar da su, abin da kan iya cinye ma'adana har kanel ya fara kashe manhajoji. Saboda haka ake shawartar ma'aikatan cibiyoyin bayanai su auna irin aikin da na'urarsu ke yi kafin su taɓa shi.